Kwanakin Farko A Gwatamala Tare Da Tawagar Likitocin Sa-kai

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin sama na La Aurora da ke babban birnin Gwatamala a ƙarshen mako, da wuya a ce bai ci karo da su ba. Rukuni-rukuni suke fitowa, kowane rukuni da rigunansa masu launi ɗaya, an buga sunan coci ko jami'a ko asibiti a ƙirji, suna tura manyan akwatunan roba da aka ɗaɗɗaure. Yawancinsu daga Amurka da Kanada suke. Cikin akwatunan nan akwai magunguna da safar hannu da tabarau da na'urorin awon jini da na suga, wasu har da kayan tiyata. Likitoci ne da ma'aikatan jinya da masu haɗa magani da ɗalibai, sun ɗauki hutun mako ɗaya ko biyu a wuraren aikinsu, sun biya kuɗin jirgi daga aljihunsu, sun zo duba marasa lafiya kyauta. 'Yan ƙasar sun saba da su ƙwarai, har ba wanda ke waiwayen su a filin jirgin.

Cikin irin wannan tawaga na shiga ƙasar. Ni ma'aikacin jinya ne. A Kano na yi karatu, a can na fara aiki, daga baya neman abinci ya kai ni Amurka. A tawagar tamu ni kaɗai ne Bahaushe, kuma ni kaɗai na taso a ƙasar da ita ma ake kai mata irin wannan taimako. Wannan ya sa abubuwa da dama da suka ba abokan tafiyata mamaki ni ban ga baƙonsu ba, wasu kuma da su ba su lura da su ba suka tsaya mini a rai.

Aikin ya fara tun a gaban jami'an kwastam. Ba a shiga da magani ƙasar nan haka kawai; sai an nemi izinin ma'aikatar lafiya tun kafin a taso, da takardar da ta lissafa kowane magani da yawansa da ranar da zai lalace. Likitocin ma sai sun samu izinin wucin gadi daga ƙungiyar likitocin ƙasar kafin su taɓa marar lafiya. Wasu daga cikinmu sun ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, ni kuwa daɗi na ji. Tun 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da gudummawar magani, kuma a cikinsu akwai cewa kada a kai wa wata ƙasa maganin da ba za a yarda a sha shi a ƙasar mai bayarwa ba, sannan ya zamana da sauran aƙalla shekara guda kafin ya lalace. Wanda ya taɓa ganin kwalayen maganin da wa'adinsa ya wuce jibge a ɗakin ajiyar asibitin karkara, an kawo su da sunan taimako, ya san dalilin wannan doka.

Daga filin jirgi muka nufi Antigua, tsohon babban birnin ƙasar, wanda girgizar ƙasa ta 1773 ta ruguza har aka mayar da fadar mulki inda take a yanzu. Gari ne mai titunan dutse da gidaje masu fenti kala-kala, duwatsu masu aman wuta guda uku sun kewaye shi: Agua da Acatenango da Fuego. Shi Fuego har yau bai huce ba. Da daddare ana hango jan wuta a samansa, kuma a watan Yunin 2018 ya yi aman da ya binne ƙauyuka ya kashe mutane masu yawa. A nan muka kwana, a nan kuma jagorar tawagar, wata 'yar ƙasar da ta daɗe tana wannan aiki, ta tara mu ta yi mana huɗuba. Kada a sha ruwan famfo, ko goge baki da ruwan gora za a yi. Kada a ci ɗanyen ganye a waje. Kada a ɗauki hoton kowa, musamman yara, sai da izini. Kada a yi wa marar lafiya alkawarin abin da ba a da tabbacin cikawa. Wannan na ƙarshe ta maimaita shi har sai da kowa ya yi shiru.

Ni kuma ina da nawa lissafin daban. Agogon Gwatamala yana bayan na Nijeriya da awa bakwai, don haka lokacin da nake sallar asuba, mutanen gida sun kusa azahar. Alƙibla tana arewa maso gabas. Batun abinci kuwa sai da na yi taka-tsantsan, domin akan dafa wake da kitsen alade, haka ma wani abincinsu na masara da ake naɗewa a ganye. Da na yi wa matar da ke mana girki bayani ta bakin jagorarmu, ba ta yi wata doguwar tambaya ba. Washegari ta ware mini tukunya, ta dafa nawa waken da man gyaɗa, kuma haka ta yi ta yi har muka bar garin.

Tafiyar hantsi zuwa azahar ce daga Antigua zuwa tafkin Atitlan, hanya mai hawa da gangara da kwana-kwana. Motocin hayar ƙasar tsofaffin bas ɗin 'yan makaranta ne da aka sayo daga Amurka, an yi musu ado da fenti da fitilu, suna gudu a kan tsaunuka ba ji ba gani. Gonakin masara sun hau gangaren duwatsu har inda mutum zai ce ba mai iya tsayawa ya yi noma. Tafkin kansa yana sama da mita 1,500 daga matakin teku, a jihar Solola, shi ma da duwatsunsa uku a gefe. Daga garin Panajachel ake hawa ƙananan jiragen ruwa masu inji zuwa garuruwan da ke kewaye da shi, kuma masu jiragen kan so a ƙetare da safe, saboda da rana ta take akwai wata iska da ke tasowa ta hargitsa ruwan.

Ƙauyen da aka kai mu yana kudancin tafkin. Ajujuwan makarantar firamare aka ba mu. Da igiya da zannuwan gado muka raba aji ɗaya gida uku don likitoci, wani aji ya zama ɗakin magani, baranda ta zama wurin rajista da awo. A barandar nan aka ajiye ni. Kafin mu gama jera kujeru layi ya riga ya fita ƙofar makarantar ya bi katanga. Mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, sanye da rigunansu na saƙar hannu masu aiki a wuya da zane mai kauri, goyo a baya, wani yaron a hannu. Wasu tun kafin gari ya waye suka baro gida.

A nan ne abin da na fi so in ba da labari ya fara. Kafin tafiya, kusan kowa a tawagar ya yi ta fama da koyon Sifaniyanci a waya. Mun haddace yadda ake tambayar suna da shekaru da inda ke ciwo. Muna taƙama da ɗan abin da muka sani, sai ga shi tsohuwar farko da ta zauna a gabana ba ta jin Sifaniyancin sam. Harshen Tz'utujil take yi. Gwatamala ƙasa ce da ake kira mai magana da Sifaniyanci, amma akwai harsunan Maya 22 a cikinta, ban da Xinka da Garifuna. Ƙidayar 2018 ta nuna sama da kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar, waɗanda yawansu ya kai kusan miliyan 15, 'yan ƙabilun Maya ne. A arewacin tafkin nan Kaqchikel ake yi, a kudu Tz'utujil, in ka ƙara gaba cikin tsaunuka K'iche' ne, harshen Rigoberta Menchú da ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992. Sifaniyanci harshen makaranta ne da ofis da asibiti. Tsofaffi da matan da ba su yi boko ba, a gida da kasuwa da gona, harshen uwa suke yi.

Saboda haka kowace tambaya sai ta bi ta baki uku. Likita ya yi ta da Turanci, tafinta na farko ya mayar da ita Sifaniyanci, wata budurwa 'yar ƙauyen ta mayar da ita Tz'utujil. Amsa ta sake biyo hanyar da tambaya ta bi. Na zauna na kalli yadda abin ke gudana. Tsohuwa ta yi magana mai tsawo, tana nuna ƙirji, tana nuna ƙugu, tana shafa goshi, murya na rawa. Budurwar ta taƙaita ta cikin jimla uku. Tafinta ya mayar da ita jimla ɗaya. Abin da ya isa kunnen likita shi ne ciwon jiki. Ya rubuta farasitamol.

Ban ga laifin likitan ba, domin akwai mutum fiye da ɗari a bayanta. Amma raina bai kwanta ba. Na sha ganin wannan a gida, ranar da likitan da ba ya jin Hausa ya zauna da tsohuwa daga ƙauye, masinja ko mai shara ya tsaya a tsakani yana tafinta, ya yanke abin da ya ga dama, ya bar abin da yake jin kunyar faɗa. Da aka tashi cin abincin rana na roƙi budurwar nan ta sake zama da tsohuwar, ta faɗa mana komai ba tare da ragi ba. Sai ga labari ya fito. Tun tana yarinya take girki a murhun itace cikin ɗaki marar taga. Tari ya daɗe yana damunta, in ta hau gangara numfashi ya kan ɗauke. Ita ke ɗauko itacen daga kan dutse. Barci ya ƙaurace mata tun da ɗanta ya tafi Amurka ta ɓarauniyar hanya, kuma bashin da aka ci don biyan masu fataucin da suka ƙetarar da shi yana kan filin gidansu. Da muka sa mata na'urar da ake maƙalawa a yatsa, iskar da ke jininta ta yi ƙasa. Aka mayar da ita wajen likita, wannan karon ya saurari ƙirjinta da kyau, ya rubuta mata maganin shaƙa da takardar zuwa asibiti. Tun daga ranar tawagar ta canza tsari: tafinta zai riƙa faɗin magana jimla-jimla, ko da layi zai rage gudu.

Cututtukan da muka riƙa gani ba wasu baƙi ba ne. Ciwon baya da gwiwa, saboda maza kan ɗauki kaya a gadon baya da wata igiya da ake rataya ta a goshi, mata kuma kan wuni durƙushe suna saƙa. Tari da jan ido daga hayaƙin murhu, da ƙunar wuta a jikin yara masu rarrafe. Gudawa da tsutsar ciki daga ruwan sha. Ƙaiƙayi da ƙazuwa. Ruɓewar haƙori, har a bakin yaran da ba su fara makaranta ba, domin lemon kwalba da kayan zaƙi sun kai kowane lungu, shagon da ba shi da madara ma yana da su. Sai gyambon ciki, wanda ya sa dole a yi hattara da raba magungunan ciwon jiki masu ƙarfi barkatai.

Abin da ya fi girgiza ni a barandar awo shi ne tsayin yara. Na manna ma'auni a bango, ina tsayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya zo, kumatunsa cike, yana wasa, na ɗauka bai wuce shekara uku ba. Mahaifiyarsa ta miƙo katinsa, ya cika biyar. Na sake aunawa, na duba jadawali, ya yi ƙasa da layin da ya kamata ƙwarai. Na bayansa ma haka, ta bayan wannan ma haka. Binciken lafiyar uwa da yara da ƙasar ta yi a 2014 zuwa 2015 ya gano kashi 46.5 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Latin Amurka, kuma a wasu jihohin tsaunuka ya kai wajen kashi 70. Wannan ba tamowar da ke ramar da yaro har ƙashi ya fito ba ce. Cikin yaron cike yake da gurasar masara da kunu da kofi mai sukari, amma jiki bai samu ƙwai da nama da madara da zai ginu da su ba, ga gudawa tana kwashe ɗan abin da ya shiga. Kuma akasarin ɓarnar kan faru ne daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Yaron da ya kai biyar a haka, kwalbar bitamin ta wata ɗaya da muke bayarwa ba za ta dawo masa da abin da ya rasa ba. Mun ba shi, da maganin tsutsa, uwar ta yi godiya har da riƙe mini hannu. Ni dai na san iyakar abin da muka yi masa.

Haka wani magidanci mai aikin gonar kofi. Ya zo yana ƙorafin ƙishirwa da yawan fitsari da dishi-dishin ido. Na soki yatsarsa, na'ura ta nuna sama da 400. Bai taɓa jin cewa yana da ciwon suga ba. Muna da metformin a akwati, muna iya ba shi na wata uku. To bayan wata ukun fa? Wa zai sake auna shi, wa zai duba ƙafarsa da ƙodarsa, wa zai ƙara masa magani ko ya rage? Nan aka samu saɓani a tawagar da daddare. Wasu suka ce ba da magani ya fi hana shi. Wata likitar da ta daɗe tana zuwa ƙasar ta dage cewa fara wa mutum maganin suga ko na hawan jini ka tafi ka bar shi ba magani ba ne, kuma ba za ta yarda a yi wa marar lafiyarta haka a asibitinta na gida ba. Ina tare da ita. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, shi kuwa ciwon suga zama yake yi da mutum har ƙarshen rayuwa.

Abin da ya warware matsalar ba daga cikin akwatunanmu ya fito ba. A ƙauyen akwai wasu mata biyu da aka horar a matsayin jami'an lafiya na unguwa. Su ne suka yi shelar zuwanmu, su suka tsara layi, su suka san wace ce mai ciki wata nawa, wane tsoho ne ba ya iya fitowa sai an bi shi gida. Ɗayarsu ta ɗauko wani littafin rubutu da ya sha hannu, ta shigar da sunan magidancin nan cikin jerin masu suga da take bi duk wata, ta faɗa masa ranar da ma'aikacin jinya ke zuwa ƙaramin asibitin gwamnati. Muka bar mata na'urar awo da tsinkayen gwaji. A ganina wannan ne aiki mafi amfani da muka yi a wannan yinin.

Akwai kuma ungozomomi. A karkarar Maya har yanzu su ke karɓar haihuwa mai yawa a gida. Suna yi wa mai ciki tausa, suna shigar da mai jego wani ɗan ɗakin turiri da gidaje da yawa suke da shi, kuma maganarsu ta fi ta likita nauyi a wajen miji da uwar miji. Wata dattijuwa daga cikinsu ta kawo mana mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, kanta na sarawa. Da na auna jininta ya hau sosai. Likitanmu ya ce asibiti yanzu-yanzu. Matar ta ƙi, mijin ya ƙi. Tsoronsu shi ne a asibitin gwamnati ba mai jin harshensu, za a yi musu tsawa, a raba ta da danginta, a yanka ta ba tare da an yi mata bayani ba. Duk bayanin da muka yi ta bakin tafinta bai motsa su ba. Sai da ungozomar ta ce ita da kanta za ta raka ta, ba za ta bar gefenta ba, sannan suka shiga mota.

Mai saurin yanke hukunci zai kira wannan jahilci. Wanda ya san tarihin wurin ba zai ce haka ba. Ƙasar nan ta yi yaƙin basasa daga 1960 zuwa 1996. Kwamitin binciken gaskiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ya ba da rahoto a 1999 cewa sama da mutum 200,000 aka kashe ko suka ɓace, kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka tantance 'yan Maya ne, kuma dakarun gwamnati da 'yan bangarsu ne suka aikata kashi 93 na ta'asar. A garin Santiago Atitlan da ke kusa da inda muke, an kashe limamin cocin Katolika Stanley Rother, Ba'amurke daga Oklahoma, a 1981. A ranar 2 ga Disamba 1990 sojoji suka buɗe wuta kan mutanen garin da suka je bakin bariki ba makami, suka kashe 13, abin da ya tilasta wa gwamnati janye sojoji daga garin. A Oktoban 2005 guguwar Stan ta jawo zaftarewar ƙasa da ta binne unguwar Panabaj da ɗaruruwan mutane, ta kuma lalata ɗan asibitin garin da bai daɗe da sake buɗewa ba. Tsofaffin da muke aunawa a baranda sun ga duk wannan da idonsu.

Sannan akwai abin da ya shafi farar riga kai tsaye. Daga 1946 zuwa 1948, likitocin hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka, ƙarƙashin Dokta John Cutler, sun sa wa mutane fiye da 1,300 ƙwayoyin tunjere da ciwon sanyi da gangan a Gwatamala, cikinsu har da fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali, ba tare da saninsu ba. Maganar ta kwanta shekaru da dama har sai da wata malamar tarihi, Susan Reverby, ta tono takardun. A Oktoban 2010 Shugaba Barack Obama ya kira takwaransa Álvaro Colom ya ba da haƙuri. Ɗan Kano ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Kowa ya san yadda wannan tabo ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da na faɗa wa abokan tafiyata labarin Kano, wasunsu ba su taɓa jin na Gwatamalan ba ma, alhali daga ƙasarsu aka zo aka yi shi.

Kada a fahimce ni da cewa zuwan irin waɗannan tawagogi ba shi da amfani. Yana da shi, kuma na gani. Dattijuwar da ta daina saƙa saboda ba ta ganin zare, aka gwada mata tabarau mai araha, ta ɗaga gefen rigarta ta ƙura wa aikin ido tana murmushi, ta samu abin da zai dawo mata da sana'arta. Haƙorin da ya hana mutum barci wata da watanni an cire shi cikin minti kaɗan. A Antigua akwai asibitin Obras Sociales del Santo Hermano Pedro, inda tawagogin tiyata ke karɓa-karɓa kusan duk shekara, suna yin aikin ƙaba da tsagewar leɓe da sauransu ga waɗanda ba za su taɓa iya biya ba. Irin wannan aiki yana da farko yana da ƙarshe, kuma asibitin yana nan bayan baƙi sun tafi, akwai wanda zai cire zare ya duba rauni.

Inda amfanin ke raguwa shi ne inda tawaga ta sauka a ƙauye ba tare da ta san kowa ba, ta raba magani, ta ɗau hotuna, ta yi gaba. Har illa takan yi. Mutane kan daina zuwa ƙaramin asibitinsu su zauna jiran baƙi, ɗalibin da ba a yarda ya yi wa kowa allura a ƙasarsa ba ya zo nan yana ɗinke rauni, kuɗin jirgi da masaukin tawaga ɗaya kuwa zai iya biyan albashin ma'aikatan jinya 'yan ƙasa na tsawon lokaci. Waɗanda suka fahimci haka sun sake salo. Ƙungiyar Wuqu' Kawoq, da aka kafa a 2007, ta gina aikinta kan kula da marasa lafiya cikin harsunan Maya, da ma'aikata 'yan yankin, kuma tana bin masu suga da yaran da suka tsumbure har gida. Kyuba ta bi wata hanyar: bayan guguwar Mitch ta 1998 ta turo likitoci da ke zama na dogon lokaci a yankunan da likitocin birni ba sa son zuwa, sannan a 1999 ta buɗe makarantar koyon likitanci a Habana da ke horar da 'ya'yan talakawa kyauta daga Latin Amurka da Afirka da sauran wurare don su koma gida su yi aiki.

Mu ma muna da shaidar wannan a ƙasar Hausa. Dokta Kees Waaldijk ɗan Holan ya zo Katsina tun shekarun 1980, ya zauna a Babbar Ruga yana yi wa mata aikin yoyon fitsari, ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa da suka ci gaba da aikin a wasu jihohi. Asibitin Galmi a Nijar yana nan tun 1950. Waɗannan ba a mako ɗaya suka samu amincewar jama'a ba. A gefe guda kuma kowa ya san duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya da akan shirya a filin makaranta, musamman in zaɓe ya gabato, a auna wa tsoho jini a ce masa ya hau, a ba shi ƙwayoyin mako biyu a leda, daga nan ba wanda zai sake tambayar sa.

Kafin mu bar ƙauyen farko zuwa na gaba, mun zauna da matan nan biyu da ungozomar da ma'aikacin jinyar gwamnati, muka bi takardun marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Aka ware masu buƙatar a sake ganinsu, aka rubuta sunan maganin kowa da Sifaniyanci, aka tabbatar maganin da aka fara wa mutum irin wanda ake samu a kantin magani na garin ne a farashin da zai iya. Zaman ya ci mana yamma guda, kuma babu wanda ya ɗauki hotonsa.

Ga 'yan uwana ma'aikatan lafiya da ke Amurka da Ingila da Saudiyya da sauran wurare, masu niyyar shiga irin wannan tawaga, ko zuwa Latin Amurka ko dawowa gida da ita: kafin ku biya kuɗin jirgi, ku tambayi masu shirya tafiyar da wa suke aiki a ƙauyen, wa zai yi tafinta kuma cikin wane harshe, wa zai ga marar lafiya bayan kun tafi. Hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi da ake zuwa garuruwansu da akwatunan magani, ku ma kuna da ikon yin waɗannan tambayoyi, ku nemi ganin takardun izini da ranar lalacewar magani, ku sa ma'aikacin asibitin garinku ya zauna a kowane ɗaki da ake duba mutanenku.